Gwaggo ta aike ni gaisuwa Turai

A shekarun da ruwa ya yi mana rowa, har kwaɗon rama ya zama abincin rana a gidajen da a da suke raina shi, ni ne malamin gona na ƙauyukanmu da ke arewa da Ɗambatta. Aikina in bi gonaki a kan keke ina koya wa sa'o'in ubana noma. Su saurare ni da ladabi, in na ba da baya su ci gaba da abin da suka saba. A haka aka zaɓe ni cikin waɗanda za a tura Turai kwas na wata guda a kan adana iri.

Da takardar tsarin tafiyar ta zo, sai na ga an ware yini guda na ziyartar wani gidan tarihi da aka gina don tunawa da Yahudawan da aka yi wa kisan ƙare-dangi. An ce ba dole ba ne, amma mai zuwa ya sa hannu tun daga gida.

In faɗi gaskiya, tsoro ya kama ni. A garinmu babu wanda ya taɓa ganin Bayahude da idonsa, amma sunan yana bakin kowa, mai awo in ya tauye mudu da shi ake zaginsa. In na je, majalisar ƙofar masallaci ta sami abin taunawa har damina ta zagayo. In na ƙi, abokan tafiya su ce baƙauye ne. Sai na yi dabara irin ta matsorata: bari in kai wa Gwaggo maganar, ta hana ni, in ce daga gida aka hana.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami, kuma hani shi ne sana'arta. Ta hana ni ƙwallo, ta hana ni wankan kududdufi, keken ma sai da aka kai ruwa rana. Ita ce kuma mai wanke gawar mata a unguwarmu, ba a taɓa yin rashi a ƙauyukan kewaye ba ta ɗaura mayafi ta je ba.

Na same ta da hantsi tana tsince ganyen tafasa. Na karanta mata takardar, na danna kalmar Yahudawa da kyau don ta ji.

"Me ya kashe su?" ta ce. "Yunwa?"

"Mutane, Gwaggo. Gwamnatin wata ƙasa ce ta yi ta tattara su, maza da mata da jarirai, tana hallakawa."

"Su nawa?"

Na ce miliyoyi. Ta ce in yi mata Hausa. Na ce ta haɗa mutanen Ɗambatta da Gezawa da birnin Kano kaf, ba a ko kama hanya ba. Ta ajiye faifan, ta daɗe tana salati ƙasa-ƙasa.

"To ai gaisuwar mutuwa ce," ta ce. "Ka ce za ka."

"Gwaggo, Yahudawa fa na ce."

"Kunnena ƙalau. Da matar Bamagujen nan na bayan rafi ta mutu ba mu je ba? An ce ka yi musu salla ne? Gaisuwa za ka yi."

Dabarata ta mutu a nan. Kwana uku ana shirin tafiya, amma ba ta kwas ake ba. Babbar rigar da na ɗinka musamman ta ce a ninke ta ranar ziyarar, gidan makoki ba wurin ƙwalisa ba ne. Turare ma haka. Kyamarar da na aro a wurin hedimasta ta ce in na kuskura na fito da ita ba da yawunta ba. In an ba ni abinci in taɓa kaɗan, kada in zauna in yi naɗe-naɗe kamar yadda na saba. Ni da nake da mata da 'ya'ya biyu, har yadda ake tanƙwashe ƙafa sai da aka sake koya mini.

Sai ta sa aka hau rumbu. A shekarar da gero ya fi amarya tsada, ta ce a auno mata kwano biyu, ba a zuwa gaisuwa hannu rabbana. Na rantse mata ba a barin hatsi ya shiga jirgi. Ta ce wane irin jirgi ne wannan da ba ya ɗaukar abin sadaka. Da ƙyar muka daidaita a kan goro biyar a aljihu.

Ana gobe zan tashi ta kira ni bayan la'asar.

"In ka shiga ka fara da babban. Wa ke zaune a kan tabarma? Ɗa ne ko ƙane?"

Na yi dariya, dariyar ɗan boko. Na ce ba gida ba ne irin wanda take nufi, gini ne da hotuna da sunaye a bango. Sai dariyar ta maƙale mini, don na ji abin da zan faɗa kafin in faɗe shi.

"Da yawansu babu wanda ya saura, Gwaggo. Gida guda ake kwashewa, har mai karɓar gaisuwar. Babu kowa."

Matar da ta wanke gawa ba adadi, hawaye ya zubo mata, ta sa bakin zani ta goge da faɗa-faɗa, kamar ni na jawo.

"To kada ka leƙa ka fito kamar mai duba-gari," ta ce. "In babu mai zama, kai ka zauna. Mutum ba ya mutuwa a ce babu wanda ya zauna masa."

Na je. Abin da na gani a ɗakunan nan ba zan iya rubuta shi ba, har yau takalman yaran da aka kashe suna idona. A ɗakin ƙarshe, inda sunaye suka cika bango, abokan tafiyata suka wuce, ni kuma na tsaya ina jin kunya. Na fara cire takalmi, mai gadi ya yi mini alama in mayar. Na mayar, na sami benci na zauna, na sunkuyar da kai.

Ban san daɗewar da na yi ba. Wani tsoho mai 'yar ƙaramar hula a tsakar ka ya zo ya zauna a gefena, yana kallon wuri ɗaya a bangon, leɓensa na motsi. Turancina ya gudu. Na juya na ce masa da Hausa, "Ya haƙuri, Baba?" Na ciro goro ɗaya na miƙa masa. Ya jujjuya shi, bai san mene ne ba. Sai ya rufe hannuna da nasa biyun, muka zauna a haka, shi yana kuka, ni ma ina yi.

Majalisa ta yi maganarta da na dawo, ban ma ji zafinta ba. Gwaggo kuwa ko tsarabar ba ta duba ba.

"Ka zauna?"

Na ce na zauna. Na ba ta labarin tsohon tun daga farko. Sai ta harare ni.

"Kai da ka ce babu kowa," ta ce. "Da ka ƙi zuwa, wa zai gaishe shi?"