Lambar da Inna Ta Haddace

Shekarar da na tafi Aljeriya aikin gini, layi biyu ne a wayata. Ɗaya na can, wanda wani ɗan Maraɗi da muke kwana ɗaki guda ya raka ni na saya. Ɗayan kuma tsohon layina na gida, wanda na yanka a kasuwar Sabon Birni tun ina saurayi. Abokan aiki sun sha ce mini in cire shi, ba ya kama sabis a nan, in ma ya kama, kira ɗaya zai cinye katin. Kowa a cikinsu da WhatsApp yake magana da gida. Ni kuwa Inna, mahaifiyata, ƙaramar waya gare ta mai maɓalli, kuma ba ta karatun boko. Lambata kaɗai ta haddace, kamar yadda ta haddace Fatiha. Shi ya sa na bar layin a ciki.

Ni nake kiranta da layin Aljeriya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A garinmu Unguwar Lalle sabis sai an fita bakin gonakin gero, don haka takan ɗauki tabarma ta je ta jira. Wani mako kiran ya shiga, wani mako in yi ta jin ƙara har in gaji. In bai shiga ba, sai in zauna bayan ɗakin kwanon da muke kwana, ina kallon tulin bulo, ba wanda za ni gaya wa.

Ban san kamfani na karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, ya sayar wa wani.

Wata Juma'a ta ɗauka, muryarta a sanyaye. Muka gaisa, ta tambayi aiki. Can ta ce, "Ashe aure ka yi ba ka hwaɗa mini ba?"

Na ce wane aure, Inna?

Ashe kewa ce ta dame ta ran Talata, ta ba kawuna wayar, ta karanto masa lambar, mace ta ɗauka tana wani yare. Kwana uku Inna ba ta ci abincin kirki ba. Na yi ta bayani, ita dai abin da ta kasa ganewa shi ne yadda za a ɗauki lambar mutum yana raye a ba wani. Ta ce, "To in na so jin muryarka, wa za ni kira?"

Na ce za ni koya mata sabuwar. Muka fara, ina faɗa tana maimaitawa. Lambar ta yi mata tsawo, ga lambobin ƙasa a gaba. Ba mu kai rabi ba katina ya ƙare.

Daga baya kawuna, da yake yana kai kaya Nijar, ya sayo mata layin can, wanda ya fi kamawa a wajenmu, ya adana lambata ta Aljeriya a ciki ta yadda maɓalli ɗaya za ta danna. Ta yi murna. Amma har na dawo gida ba ta haddace sabuwar ba. Kawu ya ce mini wani lokaci takan kira matar nan, su gaisa, ko da yake ba mai jin yaren wani.