Hannun da Ya Ƙi Karɓar Jariri

A tashar mota ta Bolari wata dattijuwa na zaune can ƙarshen benci, ramammiya, zobenta ɗaure da zare kada ya suɓuce. Ƙaton ambulan na asibiti yana kan cinyarta.

Wata mai goyo ta miƙo jaririnta. "Inna, riƙe min in gyara zani."

Dattijuwar ta ja jiki. "A'a, 'yar nan. Allurar hoton ciwon daji aka yi min a Legas. Sun ce in nisanci yara."

Ina zaune kusa da su, na ce, "Yaushe?"

"Sati biyu ke nan."

Na taɓa zaman jinya, na san wuni ɗaya kawai likitocin suke nufi. Ba wanda ya fassara mata. Ƙila tana da jikoki a gida. Idonta na kan jaririn, tana jijjiga ambulan ɗin a hankali.