Ranar da Hudu Magini Ya Hau Gobarau

Duk wanda ya yi wayo a Rawayau kafin a ba ƙasar nan mulkin kai ya san Hudu magini. Gajere ne mai kaurin hannu, ba ya son doguwar hira. Rabin zaurukan garin shi ya ɗora masu azara, har daga Kurfi da Dutsin-Ma ana aiko masa. Ba a taɓa kushe aikinsa ba. Halinsa ne dai mutane suka kasa sabawa da shi, don Hudu bai yarda da kowa ba. In an kawo masa ƙasar gini sai ya ɗanɗana ta a harshe, ko an cakuɗa masa da yashi. In ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya tsaya ya ce, "Mi kake so?"

Shekara biyu bayan mulkin kai, katangar da ya gina wa wani mai shanu a Karofi ta fito a karkace. Hudu ya ce masu kwaɓa ne suka ha'ince shi. Amma matarsa Tani ta daɗe da lura cewa in zai ɗauki ƙwaryar fura sai ya lalube ta, kuma baƙin idonsa ya soma yin fari-fari. Sau ɗaya ta yi masa maganar asibiti, ya yi kwana uku bai ci tuwonta ba.

Bayan kaka sai ga ƙanensa Sodangi, mai fataucin hatsi.

"Yaya, shekara arba'in kana gini, ba ka taɓa ganin Gobarau ba. Jibi zan kai gero birni. Mu tafi ka ga aikin mutanen da."

"Kai da ko goro ba ka taɓa saya mani ba? Wa ya aiko ka?"

Sodangi ya yi dariya bai amsa ba, Hudu kuwa ya riƙe wannan a ransa. Sai dai tun yana koyon gini yake jin labarin hasumiyar nan ta Katsina da aka tayar da laka, ta ga sarakuna ba iyaka. Ya shirya, ya ɗaure ƙuli-ƙuli da gorar ruwansa, don ya ce ba zai ci komai daga hannun ɗan birni ba.

Suna sauka daga mota wani dogo mai farar riga ya tare su. Sodangi ya ce abokinsa ne, Malam Dalhatu, ya san gari ciki da bai. Da suka yi musafaha Hudu ya faki ido ya shinshina tafinsa. Warin wani sabulu ya ji, irin wanda ba a sayarwa a kasuwar ƙauye.

Suka fara da ganuwa wajen Ƙofar Ƙaura. Hudu ya dafa ta da hannu biyu, ya kankare da farce, ya kai baki. Ya ce nan gyara ne na baya-bayan nan, can ƙasa ne aikin asali. Malam Dalhatu ya jinjina kai, sannan ya ce, "Baba, tsuntsayen can da ke bisa ganuwa, kurciyoyi ne ko hazbiyoyi?"

"Tsuntsu na zo kallo?" in ji Hudu.

A tsohuwar kwaleji ma haka. Hudu na shafa bango yana yaba yaɓen, mutumin nan na biye da shi, yana leƙen fuskarsa, yana tambayarsa launin ƙofa, da yawan tagogi. Nan zuciyar Hudu ta yanke hukunci. Mai shanun Karofi ne ya kai ƙara, wannan kuwa ɗan aiken alƙali ne, an turo shi ya gwada ko Hudu ya san aikinsa. Ya kame bakinsa, ya riƙa tafiya yana jan baya, yana lura da hanyar da za ta mai da shi tasha.

Da hantsi suka isa Gobarau. Hudu ya tsaya a gindinta ya daɗe, ya zagaye ta yana bin ta da tafin hannu, har ya manta da su. Suka bi matakala. Ƙafarsa ta san tsani, shi ya riga su kaiwa sama.

Sodangi ya iso yana haki, ya ce, "Yaya, dubi gari! Ga kasuwa can, ga ƙofar Soro."

Hudu ya juya gabas, ya juya yamma. Sannan ya sami wuri ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Sodangi, ba ni sauka daga nan sai ka faɗa mani ko wane ne wanga mutum. In kotu za ku kai ni, ku faɗa."

Malam Dalhatu ne ya durƙusa gabansa. "Baba, babu kotu. Ni malamin asibiti ne. Yanar ido ce ta rufe maka gani, tun a tasha na gan ta. Likitan ido zai zo ran Alhamis, kuma irin taka ana cire ta."

"Tani ce ta kitsa wannan?"

"Ni da ita," in ji Sodangi, kansa a ƙasa.

Hudu ya miƙa hannu wajen gari. Ya ce, "Duk birnin yana nan ƙarƙashinmu?"

Suka ce yana nan.

"Ni hayaƙi kawai nike gani."

Da ya tashi sauka sai ya kafa sharaɗi. Ido ɗaya za a taɓa, na hagu, wanda ya fi lalacewa. In sun ɓata shi, to, yana da saura. Likita ya yi lallashi, Malam Dalhatu ya yi, Hudu ya ce ko ɗaya ko babu. Aka yi ɗayan. Ran da aka kwance masa bandeji, abin da ya fara cewa shi ne rufin ɗakin da aka kwantar da shi zai yi yoyo kafin damina biyu.

Ya koma Rawayau da tabarau mai kauri ɗaure da zare. Wata huɗu bai yi wa Sodangi magana ba. Ya je Karofi da kansa ya rushe katangar nan ya sake ta, ya ci gaba da gini har shekara shida. Idonsa na dama kuwa bai taɓa yarda an taɓa shi ba.

Daga baya tsofaffi masu ciwon ido suka riƙa zuwa wurinsa neman shawara, daga Kutawa, daga rugagen Fulani. Ba ya ce masu asibiti na da kyau. Sai dai ya ɗauki sandarsa ya raka mutum har birni, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin aiki, ba ci ba sha, sai an fito da shi ya duba da kansa cewa wanda ya kawo ne aka mayar masa. Mutum tara ya raka haka kafin ya rasu, ana cikin yaƙin basasa.