Ledar Baba

Ko da zan manta irin rawar da na taka ranar bikina, ba na jin zan taɓa manta wata Asabar a Samaru da na wuni ina kokawa da injin yankan ciyawa.

Lokacin ina koyarwa a Sabon Gari, ina kuma neman auren wadda ita ce matata yanzu. Mahaifinta, da kowa ke ce wa Baba, tsohon malamin gona ne mai ritaya, kuma bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Duk sadda iyayena suka nemi a sa musu ranar zuwa, sai ya ce ana dubawa. Yana da wani injin yankan ciyawa da ya saya a gwanjo, irin wanda ake hawa kamar 'yar tarakta, yana ji da shi fiye da motarsa. Da damina ta zauna, injin ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a: zai tashi lafiya lau, an jima sai ya riƙa ɗaga murya yana saukewa, yana zabura da Baba a kai.

Ita kuwa baiwar Allah, don ta ɗaga ni, sai ta ce wa mahaifinta ai ni babu injin da zai gagare ni. Ni da iyakacin sanina wanke fulogin babur ɗina! Haka aka aiko kirana, na zo da sifanar aro ta kwance noti.

Na tarar Baba ya tara abokansa tsofaffi a kan benci ƙarƙashin mangwaro, kai ka ce wasan ƙwallo za a yi. Na durƙusa na gaishe su, na hau aiki. Na kakkaɓe matatar iska, ba canji. Na hau babur har kasuwar Sabon Gari na sayo sabon fulogi, injin ya yi mini ladabi na ɗan lokaci, sannan ya koma halinsa. Na kwance kafireta na wanke da fetur, wani ƙaramin noti ya faɗa cikin ciyawa, na yi ta rarrafe ina nema, tsofaffi suna nuna mini wuri da sanda. Wani cikinsu ya tambaye ni, cikin tausayi, wane fanni nake koyarwa. Da na ce tarihi, sai duk suka gyaɗa kai.

Rana ta karkata, rigata ta jiƙe sharkaf, na fara sallama auren a raina. Sai na ce bari in duba ko mai ne ya yi ƙasa. Ina murɗa murfin tanki na ji ya zuƙi iska, nan take muryar injin ta daidaita. Na duba, sai ga ledar burodi an ninka an shimfiɗa a ƙarƙashin murfin. Shi murfin yana da ɗan huji da iska ke shiga. Idan aka toshe shi, mai ba ya sauka yadda ya kamata. Ashe shaƙe injin aka yi.

Na kai hannu zan cire ledar ke nan Baba ya ce, "Yaro, bar wannan, dabarata ce. Ta hujin nan fetur yake tsere mini." Ya juya wajen abokansa yana bayani da alfahari, su kuma suna yabawa, har wani ya ce shi ma zai yi wa janaretarsa.

To, ya zan yi? A wurinmu, mai neman aure ko ido ba ya haɗawa da suruki, balle ya ce masa ya yi kuskure a gaban tsaransa. In na yi shiru kuma, na tabbata maƙaryaci. Daidai nan 'yar Baba ta fito da kunu, sai na roƙe ta fil ɗin gyalenta, wai zan ƙara tsokane kafireta. Na sunkuya na kare da bayana, na huda ledar, na mayar da murfi. Injin ya ɗauki murya ɗaya bai sake ba. Baba ya hau ya zagaye gida yana ɗaga wa abokai hannu, yana cewa dama shi ya san kafireta ce. Na ce ƙwarai kuwa, Baba. A makon ya aika iyayena su zo.

Na daɗe ina taƙamar na yi wa tsoho wayo. Sai bayan shekaru, injin ya mutu har kaji na ƙwai a kujerarsa, muna zaune da Baba, ya ce, "Washegarin ranar da ka gyara injin nan, na buɗe tanki na ga hujinka." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa na ba ka ita. Taurin kaina ta ɗauko, sai mai irin hannunka zai iya zama da ita."

Gaskiyarsa kuwa, na shaida. Tun daga ranar na gane cewa gano inda matsala take ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce ka gyara ta, mai ita kuma ya tashi da mutuncinsa.