Buhunan Wake a Bayan Aji

A shekarata ta biyu ina koyarwa a wani ƙauye gabas da Cadawa aka kira mu horo na kwana uku. Wai a koya wa malami ya zagaya lakol ɗinsa, wato makarantarsa, ya gano abin da zai iya cutar da yara tun bai cutar ba. Mai horon ya raba mana takarda mai gida uku: mene ne haɗarin, wa zai shafa, me za a yi. Da ya zo kan maganin ƙwari sai ya ɗaga kwalba da wata 'yar ƙwaya a ciki, ya ce wannan da ake jefawa a buhun wake, iskarta kaɗai ta isa ta kwantar da yaro. Wallahi na san warin ƙwayar nan, kullum shi nake shaƙa.

Ajina ne kaɗai ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe a garin. Tun kafin in zo, in an gama sussukar wake, magidanta kan jibge buhunansu a bayan aji, kowane da ƙwayarsa. Su suka kwaso yashi da ruwa lokacin ginin, don haka ba su ga abin neman izini ba. Dogayen yara ke zama a teburin baya, jingine da buhunan. Cikinsu har da yarinyar da ta fi kowa lissafi, wadda a shekarar za ta yi jarrabawar shiga kolej. Kullum da hantsi sai ta dafe kai, ni kuwa sakarai ina ce mata ta bar lalaci.

Ina dawowa na cike takardar nan har bayanta, na kai wa diraktan lakol, wanda kamar kowa a can yake kiran malami Mushe. Ya ce, "Mushe, ka kyauta, zan kai buro wurin manya." Shiru.

Na tafi wurin maigari na durƙusa na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na ji. Samo mana wani ɗaki mai makulli, gobe a kwashe." Ina zan samo? Ni da ko ɗakin da nake kwana na aro ne.

Na jawo tebura gaba, na buɗe tagogi, amma aji cike yake maƙil, dole wasu su koma baya. Na fitar da su gindin itacen bedi, rana ta kore mu kafin azahar. Kai, na yi fushi har na gaji da fushin.

Wata Talata yarinyar nan ta yi amai a kan littafinta, ta sulale ƙasa. Ubanta ya ɗora ta a amalanke zuwa likita. Bayan kwana huɗu ya zo ya tsaya bakin ƙofar aji, bai ko shigo ba.

"Mushe, lakol ɗin nan bai karɓe ta ba. Za ta zauna gida."

Na ce, "Haba Baba! Ba lakol ba ne, maganin wake ne. Uku cikin buhunan nan naka ne fa."

Ya kalle su ta bisa kafaɗata.

"Na sani," ya ce. "Ita in ta zauna gida za ta warke. Waken in na fid da shi, me ƙannenta za su ci kafin damina?"

Ya miƙo hannu, na ba shi littafinta.