Lahadin da Na Zare Filogi

Gyaran fanka da sitabilaiza nake yi, a wani layi cikin Sabon Gari. Boko ban yi nisa ba, amma mita na san ta. In allura ta wuce jan layi, abu zai ƙone. Da wannan sanin nake ci da iyalina.

Maƙwabcin shagona Ibo ne, haifaffen Kano, yana haɗa bidiyon biki a kwamfuta. Ranar Juma'a shi ke tsare mini shago in je masallaci. Lahadi kuma in taso daga Rijiyar Lemo in tsare nasa, ya tafi coci.

Wata Lahadi ya bar kwamfutar tana aiki. Ya ce, "Malam, bidiyon aure ne take haɗawa. Uwar amarya za ta hau motar yamma ta kai wa tsohuwarsu a ƙauye, ita ba ta samu zuwa bikin ba. Ka dai sa ido."

Na sa ido, har ya yi yawa. Fankar ciki ta kama gurnani. Na taɓa jikin kwamfutar, zafi rau. Na leƙa allo, sai ga lamba kusa da alamar kashi cikin ɗari: ɗari bakwai da wani abu, tana ta hawa. Ɗari ai ita ce iyaka, ko ɗan firamare ya sani. Na zare filogi. Har kwali na ɗauko ina yi mata fifita, ina jin na yi abin kirki.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofa. "Wuta aka ɗauke?"

"Ni na kashe. Oga, ka gode Allah ina nan, da ka tarar da toka."

Sai ya zauna a benci, bai ko cire takalmin coci ba. Ya ce, "Haba Malam. Ƙwaƙwalwa takwas ce a cikinta, kowace da ɗarinta, ita kuma tana tara su wuri ɗaya. Lebura takwas na sauke kaya, ka ga gumi ka kore su."

Aikin dole ya koma farko. Matar ta zo da jakarta, ta zauna tana kallon layin aikin da ke tafiya a allon kamar hawainiya, har lokacin mota ya yi. Ta tafi hannu rabbana. Maƙwabcin nawa ce mata ya yi matsalar wuta ce. Ina nan zaune, kwalin a hannuna. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'a ya zo ya tsare mini shago kamar kullum. Ranar Lahadi na zo ina jan ƙafa. Ya miƙo makulli, ya tambayi yara, ya tafi. Na shiga, na tarar kwamfutar na gurnaninta, allon kuwa ya juya shi yana kallon bango.

Har yau haka nake tarar da shi. Ban taɓa juyo shi ba.