Jakar da ta kwana tara a hannun Zubairu

Zubairu baduku ne, ɗan baduku. A Damagaram aka haife shi, a gidan da warin jima ke tarar baƙo tun daga bakin zaure. Ya zo Yamai yana da shekara ashirin da huɗu, da basilla uku da wuƙar yankan fata a naɗe cikin tsumma, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma. Yau ya haura sittin, yana nan a rumfarsa ta kwano a Kalley, kan wata ƴar hanya da ke fita zuwa Babbar Kasuwa.

Da fari takalma da kuben wuƙa yake ɗinkawa. Amma mutanen birni sun fi kawo gyara, kuma mata sun fi maza kawowa. A hankali rumfar ta cika da jakunkunan hannu, a rataye jere a jikin igiya, wannan zif ya mutu, waccan hannu ya tsinke.

Bai taɓa shiga jirgi ba, bai iya karanta sunayen da ke jikin jakunkunan ba, amma duk yayin da aka yi ya ratsa ta hannunsa. Ya ga shekarun manyan jakunkuna, waɗanda mace ke zuba sallaya da takalmi da abincin yara har da sauran wuri. Ya ga zamanin sarƙa mai ruwan zinariya da ke baƙi kafin damina ta fita. Daga baya aka shiga yayin ƴan mitsi-mitsi, waɗanda ko salula ba ta shiga sai an karkata ta. Ƴan mata kan zo su nuna masa hoto a waya, su ce irin wannan ake yayi a Dubai, tasu kuma ta sefa jika goma sha biyar ce amma ba mai ganewa. Zubairu kan yi murmushi kawai. Shi yana ganewa. Da ya kai jaka hanci ya san roba ce ko fata, da ya bi ɗinkin da farce ya san inji ne ko hannu.

Wata ranar Talata da hantsi, wata baƙar mota ta tsaya ta toshe rabin hanyar. Hajiya Ramatou ce ta fito, ƴar kasuwa mai sarin atamfa da leshi, wadda kowa a layin ya sani. Ta gaishe shi da Zabarmanci, ta juya Hausa, sannan ta zauna kan benci ta kwance wani farin mayafi a kan cinyarta, sai ga jaka a ciki.

Jakar ba ta ƙyalli. Launinta kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi, ba ta da wani babban tambari, sai ɗan makulli ƙarami a gaba. Ƙofar mota ce ta datse hannunta ɗaya, ɗinkin ya warware, fatar ta ɗan tsage daga gindi. Hajiya ta ce a Faransa ta saye ta, sai da ta jira kusan shekara biyu kafin a kira ta, kuma kuɗinta ya fi na filin da ta saya a Tondibia, can bayan gari. Idan ta mayar da ita can gyara sai ta yi watanni, ga bikin ƴarta saura mako biyu.

Zubairu ya goge hannunsa a riga har sau biyu kafin ya karɓa.

"Malam Zubairu, in ba za ka iya ba ka gaya mini, ba komai," in ji ta.

"Hajiya, ki ba ni kwana tara," ya ce. "Amma kada ki aiko kowa kafin nan."

Kwana biyun farko bai sa mata allura ba. Yakan zauna bayan azahar, lokacin da layin ke yin shiru, masu kabu-kabu sun fake a inuwa, ya ɗora ta a gwiwa yana juyawa. Ɗinkin na hannu ne, allura biyu a rami ɗaya, kowane taku ya ɗan kwanta gefe, daidai yadda mahaifinsa ke ɗinka linzami. Da ya buɗe cikinta ya shafa shafin, sai ya tsaya. Fatar akuya ce, mai laushi da ƙananan ƙwayoyi, irin ta jar akuyar ƙasar Maraɗi da ya taso yana ji ana cewa Turawa na saye su tafi da ita.

Ba shi da hanyar sanin ko daga can take. Amma zuciyarsa ta riga ta tafi. Ya ga akuyar tana miƙewa kan ƙafa biyu tana cin ganyen gawo a bayan wani ƙauye. Ya ga fatar a shanye a rana, sannan a cikin mota, sannan a kan teku. Ya ga wani ɗaki mai manyan tagogi a garin da ake sanyi, da wani dattijo mai tabarau kamar nasa yana jan zare da hannu biyu, yana goga masa kakin zuma. Har yakan ji kamar in sun haɗu ba sai sun yi magana ba, kowa zai duba yatsun ɗan'uwansa ne kawai. Sai mai shayin da ke kusa ya ƙwanƙwasa kofi, hankalin Zubairu ya dawo Kalley.

Da yamma yakan naɗe jakar ya tafi da ita gida. Matarsa Zalika, wadda ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ƙofar gida, ta tambayi abin da yake ɓoyo haka. Da ya faɗa mata kuɗin sai ta janye hannunta, ta ce ya rufe kafin mai ya taɓa. Amma ya lura ta daɗe tana kallon inda ya ajiye ta. Shekara talatin suna tare, a bakin zane take ɗaure kuɗinta, in za ta biki ta ari jakar maƙwabciya. Bai taɓa tunanin abin ba sai ranar.

Ya yi gyaran a kwana huɗu. Ya rina zare sau biyar kafin launin ya zo daidai, ya bi tsofaffin ramukan bai huda sabo ko ɗaya ba. Da Hajiya Ramatou ta dawo a rana ta tara, ta juya jakar gaba da baya, ta rasa hannun da ya tsinke, sai da ya nuna mata. Ta yi dariya har ta dafa benci, ta sallame shi da alheri mai yawa.

Bayan tafiyarta rumfar ta yi masa faɗi. Mako guda yana gyaran zif ba ya jin daɗin aikin. Sai ya aika wa ƙanensa a Damagaram saƙo, ya nemo masa fatar jar akuya guda uku, jimar bagaruwa, waɗanda ƙaya ba ta taɓa ba.

Wata huɗu ya yi yana ɗinka jaka da su, a tsakanin aikin mutane. Bai kwaikwayi siffar ta Hajiya ba. Ya yi ta da ɗan faɗi, yadda hijabi da carbi da ƙullin goro za su shiga, ya rina ta ja da karan dafi, ya yi mata siririn ado na zayyana a baki irin na gidansu. Ranar da ya miƙa wa Zalika, ta ɗauka ta wata ce za ta ajiye. Ya ce tata ce. Ta shiga ɗaki ta wanke hannu da sabulu, sannan ta fito ta karɓa.

Wurin sunan jikar yayarta a Tondibia ta fara fita da ita. Ana zaune ƙarƙashin mangwaro, iskar gulbi na kaɗawa, mata suka yi ta miƙa wa juna jakar suna shinshinawa. Wata malamar makaranta ta tambaya ko daga Dubai aka kawo mata, ko Turkiyya.

"Daga Kalley," in ji Zalika. "Mai gidana ya ɗinka."

Uku daga cikin matan suka biyo ta har rumfa a makon. Zubairu ya gaya musu gaskiya, idonsa ya fara gajiya, ba zai iya fiye da huɗu a shekara ba, mai so sai ta jira. Ɗaya ta roƙe shi ya manna mata tambarin ƙarfe irin na waje, ya ce ba ya yi, ta yi fushi ta tafi. Sauran biyun suka jira.

Har yanzu gyara ne ke ciyar da gidan. Malamar makarantar ta karɓi tata bara, koriya. A bana wata ungozoma ce ke kan layi, ta ce shuɗiya take so, shuɗin baba mai duhu. Fatar ba ta iso ba tukuna, ruwa ya ɓata hanya, kuma Zubairu ya ce ba zai yanka wata ba sai ita.